Mole ko Kakum: ina za a nufa da motar bayan Sallah?

Da zarar an sauko daga Idi an ci an sha, kulob-kulob na samarin unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi sai su shiga tara kuɗin mota. Makarantun Islamiyya ma haka, matan adashi su ma ba a bar su a baya ba. Kuma kusan kowace shekara gardamar ɗaya ce: a gangara kudu zuwa Kakum, ko a haura arewa zuwa Mole? Masu son Kakum hujjarsu kusa ne, ana iya zuwa a dawo a yini. Masu son Mole hujjarsu giwa. Da yake duka biyun gandun daji ne na gwamnati, kuma duka suna hannun sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana, sai mutane su ɗauka abu ɗaya ne, nisa kawai ya raba su. Ba haka ba ne. Wanda ya je Kakum don ya ga namun daji zai dawo yana cewa an ci kuɗinsa, wanda kuma ya je Mole da niyyar juyowa a ranar, kwalta kawai zai kalla.

Mole shi ne babba a duk ƙasar. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, a yankin Savannah, cikin ƙasar Gwanja da kakanninmu suka yi ta ratsawa da jakuna wajen fataucin goro. An keɓe wurin tun 1958, aka mai da shi cikakken gandun daji na ƙasa a 1971 bayan an tashi ƙauyukan da ke ciki. Dajin irin wanda Bahaushe ya sani ne: kaɗanya, ɗorawa, kuka nan da can, suri ja mai tsayin mutum, da ciyawar da ke bushewa ƙurmus idan hunturu ya shigo. Wannan buɗewar ita ce dukiyar Mole, domin ido yana tafiya nesa. Akwai dabbobi masu shayarwa sama da iri 90, tsuntsaye sama da iri 300. Waɗanda baƙo zai gani ba tare da wahala ba su ne giwa, mariya, gwambaza, mazo, mugun dawa, gwaggon biri, jan biri, kada da zabin daji. Gwanki da kanki da ɓauna suna nan, amma sai an shiga ciki da mota kuma an taki sa'a. Kura da damisa na dare ne. Zaki kuwa an daɗe ba a tabbatar da ganinsa ba, raƙumin dawa da jakin dawa dama babu su a Mole. Gara a faɗa wa yara haka tun daga gida, kada su je suna neman abin da suka saba gani a talabijin daga Kenya.

Kakum ƙarami ne idan aka ajiye shi kusa da Mole, murabba'in kilomita 375 ne, kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Tun 1931 yake a keɓe, ya zama gandun daji na ƙasa a 1992. Kurmi ne na gaske, irin wanda a da ya lulluɓe ƙasar Asante kafin koko da katako da galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, su cinye yawancinsa: manyan itatuwa irin su odum da wawa, rimi mai saiwa kamar bango, igiyoyin daji suna reto ta ko'ina. A cikinsa akwai giwar kurmi, akwai birai iri-iri, akwai tsuntsaye sama da iri 250 da malam-buɗe-littafi ɗaruruwan iri. Sai dai kurmi ba ya nuna abin da ya ɓoye. Giwayen suna can ƙurya inda baƙi ba sa zuwa, biran kuma da sun ji hayaniyar 'yan makaranta sai su yi gaba. Abin da ake zuwa yi a Kakum shi ne hawa gadar sama.

An buɗe gadar a 1995, wasu injiniyoyi biyu 'yan Kanada ne suka ɗaura ta tare da ma'aikata 'yan Ghana. Gada bakwai ce a jere, daga wannan itace zuwa wancan, tsawonsu duka kimanin mita 350, kuma a inda ta fi nisa da ƙasa ta kusa mita 40. Ƙasanta tsani ne na ƙarfe mara nauyi da aka shimfiɗa wa katako, faɗinsa bai wuce a ajiye ƙafa biyu a jere ba. Gefe da gefe raga ce da ta kai ƙirji, sai igiyoyi masu kauri da ake riƙewa. Da ka ɗora ƙafa, katakon zai yi ƙara, ragar ta ɗan ja da baya. Idan na bayanka ya taka, kai ne za ka ji a gwiwarka. A jikin kowane itace an yi ɗan dandamali na katako inda ake tsayawa a huta, kuma a nan ne mutum ke samun sukunin ɗaga kai ya ga abin da ya zo gani: kawunan itatuwa kore shar har iyakar gani, da safe kuma hazo yana tashi daga tsakaninsu. Wanda zuciyarsa ta karaya bayan gada ta farko akwai gajeriyar hanya da ke ɓullewa da shi, ba sai ya bi bakwai ɗin ba.

A nan zan saɓa wa masu cewa a kai tsofaffi Kakum saboda ya fi kusa. Kafin a kai bakin gadar sai an hau tudu mai matakalan dutse, cikin zafin kurmi mai ɗaure numfashi, gumi yana zuba ko ba rana. Saurayi ba zai ji komai ba. Hajiyar da gwiwa ke damu, ko Alhajin da ke shan maganin hawan jini, wannan hawan ya fi ƙarfinsu tun ba a zo maganar tsoron sama ba. Na ga wata dattijuwa a bakin gadar ta farko, ta leƙa ƙasa, ta dubi jikanta ta ce, "Kai ɗan nan, je ka ka dawo, ni Siraɗi ɗaya aka ce min zan tsallake." Ta koma ta zauna a benci har aka gama. Irinta suna da yawa: sun biya kuɗin mota, sun sha hanya, abin da suka samu shi ne zaman jira a rumfar baƙi.

Mole kuwa akasin haka ne. Hanyarsa ce mai wuya, amma da an isa wahala ta ƙare. Hedikwatar gandun da tsohon masaukin nan, Mole Motel, suna kan bakin tsauni ne, ƙasansu kuma tafkuna biyu inda dabbobi ke zuwa shan ruwa. Tsohon da ba zai iya taka ko'ina ba, kujera kawai za a ba shi a bakin tsaunin, ya sa ido. Da rani, idan rana ta ɗan ɗaga, giwaye sukan fito daga cikin itatuwa ɗaya bayan ɗaya su shiga ruwa har sai kan hancinsu kaɗai ake gani. Giwar da ta shiga da launin toka takan fito baƙa wuluk tana sheƙi, ta tsaya a gaɓa ta ɗebi ƙasa da hanci ta watsa wa bayanta, nan da nan ta koma ja. Mariya suna kiwo a fadamar gefe, kada yana kwance baki buɗe, mugun dawa kuma har cikin harabar masaukin yake shigowa, ya durƙusa kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwar ciyawa. Duk wannan ba a biya kuɗin mota ko na jagora ba tukuna.

Ga mai ƙafa, abin da ya bambanta Mole da yawancin gandun dajin Afirka shi ne ana shiga a ƙasa. Sau biyu ake fita a yini, ƙarfe 7 na safe da 3:30 na yamma, kowane rukuni da jami'in gandun daji riƙe da bindiga a gaba. Ana gangarowa daga tsaunin a bi sawu, jami'in yana nuna kashin giwa yana faɗin na jiya ne ko na ɗazu, yana nuna reshen da aka karya, da ƙasar gishiri da dabbobi ke lasa. Idan aka yi kiciɓis da giwa, a nan ake gane girman halitta. Za ka ji ƙarar karyewar reshe kafin ka gan ta, ka ji ƙugin cikinta, ka ga kunnenta yana kaɗawa a hankali. Jami'in zai rage murya ya ce, "Alhaji, koma bayana, a bar hoton haka nan," kuma ba a yi masa musu. Dole ne a sa takalmi rufaffe, silifas ba ya shiga, wanda bai zo da shi ba akwai na haya. Wanda ba ya son tafiyar ƙasa sai ya hau motar gandun mai kujeru a sama. Ana biyan ta ne da awa, kuɗin mota ɗaya ne ko mutum ɗaya ne ko ta cika, saboda haka ƙungiya ta fi mai zuwa shi kaɗai cin riba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ƙudan tsando yana nan a Mole, cizonsa da zafi, kuma baƙin kaya da shuɗi yake bi. Mai baƙar abaya da mai rigar Chelsea su ne abincinsa na farko. Farar jallabiya ita ma ba ta wurin ba ce, jar ƙura za ta rina ta kafin azahar. Kaya mai ruwan ƙasa, mai dogon hannu, shi ne daidai. Gwaggon biri kuma ya san leda sarai. Ya fi raina mata da yara, kuma idan ya ga baƙar leda a hannu, a wurinsa abinci ne ko da carbi ne a ciki. Ƙofar ɗaki a buɗe gayyata ce. Ba a ba shi abinci, ba a kokawa da shi idan ya fizge.

Sai maganar hanya, wadda a kanta ne yawancin ƙungiyoyi ke yanke shawara. Daga Kumasi zuwa Mole kimanin kilomita 400 ne: Techiman, Kintampo, a tsallake gadar Buipe a kan Baƙin Volta, a kai mararrabar Fufulso a karya hagu, a wuce Damongo inda fadar Yagbonwura sarkin Gwanja take, sai Larabanga, daga nan kilomita kaɗan ne zuwa ƙofa. Awa bakwai zuwa takwas ne idan an haɗa da tsayawar sallah da cin abinci. Waɗanda suka je shekarun baya suna ba da labarin azabar hanyar Fufulso, amma an shimfiɗa mata kwalta har Sawla da kuɗin Bankin Raya Afirka, aka buɗe ta a 2015. Akwai wata hanyar ta Wenchi da Bamboi da Bole, a ɓullo ta Sawla. Ko wacce aka bi, a tashi bayan asuba a isa da rana. Tsakanin Kintampo da Buipe daji ne mai tsawo, manyan motocin Burkina da Nijar suna yawa, ba wurin da za a so mota cike da yara ta lalace da dare ba ne. Wanda ba shi da shatar mota sai ya hau ta Tamale ya sauka a Fufulso ya nemi ta Damongo, daga Larabanga kuma babur ne ko adaidaita. Mutanen Accra masu hali sukan hau jirgi zuwa Tamale, kimanin awa ɗaya, sannan mota ta kusan awa uku.

Kakum rabin wannan ne, kilomita 200 da 'yan kai zuwa Cape Coast ta Anwiankwanta, Assin Praso, Assin Fosu da Yamoransa, sannan a juya arewa zuwa Abrafo inda ƙofar take. Awa huɗu zuwa biyar. Ana iya tashi da asuba, a hau gada, a leƙa teku, a kwana a Kumasi, kuma haka yawancin kulob suke yi. Ni dai ban ga hikimar hakan ba. Motar da ta bar Aboabo bayan asuba za ta isa ne daidai lokacin da sauran motocin suka isa, rana ta take, layi ya yi tsawo, musamman ranar Asabar ko ranar hutu irin 6 ga Maris da Litinin ɗin Ista. A irin wannan rana gadar cike take da ihu, wani ɗan iska yana girgiza ta da gangan don 'yan mata su yi kururuwa, jagora yana cewa a yi sauri. Kakum ɗin da ya cancanci kuɗinsa shi ne na farkon safiya a tsakiyar mako, kuma ba a samunsa sai an kwana kusa.

Wurin kwana a wuraren biyu ba matsayinsa ɗaya ba. A Kakum gado ne kawai. Akwai ƙananan masaukai a kan hanyar Cape Coast zuwa gandun, ciki har da Hans Cottage wanda aka gina a kan tafki mai kadoji, yara suna son sa. Masu ƙarfin hali suna iya kwana a cikin kurmin kansa, a ɗakin katako da aka yi a kan itace, da jagora da yawon dare da tocila. Wannan na samari ne 'yan kaɗan, ba na iyali ba, domin gidan sauro ne da katifa, sai kukan ƙwari har gari ya waye. Ga yawancinmu Cape Coast ta fi: masaukai na kowane farashi, Zango da masallatai a wajen kasuwar Kotokuraba, ga ɗanyen kifi da dokunun Fante, wato tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, wanda ya raba mutum da tambayar wa ya yanka. Daga can ƙasa da awa ɗaya ne zuwa ƙofar gandun.

A Mole kuwa inda ka kwana shi ne rabin tafiyar. Mole Motel yana cikin gandun, yana da ɗakuna masu daraja daban-daban har da na kwanan jama'a mai gadaje da yawa, wanda ya dace da 'yan makaranta, akwai kuma filin kafa tanti. Fa'idarsa ita ce ka idar da asuba ka fito ka tarar da daji yana farkawa a ƙasanka, ofishin da ake taruwa don fita ƙarfe 7 kuma taku kaɗan ne. Amma mai iyali ya san cewa wurin baƙi ne daga ko'ina a duniya: akwai wurin ninkaya a tsakiya, Turawa suna kwance da kayan wanka, ana sayar da giya a ɗakin cin abinci. Wani ba ruwansa, wani kuma ba zai so ya zaunar da surukarsa a nan ba. Zaina Lodge, wanda aka buɗe a 2015 a kan wani ɓangaren tsaunin, tantuna ne na alfarma masu na'urar sanyaya ɗaki, shi ma yana kallon tafki. Na masu hannu da shuni ne, ko ango da amaryar da danginsu suka yi musu karamci. Ba a kai kulob can.

Sai Larabanga da Damongo. Damongo babban birnin yanki ne tun 2019, akwai masaukai, kasuwa, asibiti da banki, amma ka yi nisa da dabbobi, kuma sai ka yi sammako sosai kafin ka riski fitar safe. Larabanga ta fi kusa, garin Musulmi ne kusan gaba ɗaya, mutanen Kamara, kuma Hausa tana yi maka aiki a can. Masaukanta masu sauƙi ne: ɗaki, fanka, bokitin ruwa, da zafi wasu har a kan soro suke shimfiɗa. Kiran sallah zai tashe ka, koko da ƙosai suna bakin hanya, tuwo da miyar kuka da zabo ba sai ka tambayi komai ba. Abin da za ka rasa shi ne zaman bakin tsauni da magariba da kuma wayewar gari a can. Da ni za a bi, ƙungiyar da kuɗinta bai kai ba ta raba: dare ɗaya a Larabanga ranar isowa, dare ɗaya a cikin gandun. Idan dare ɗaya kacal za a iya biya a ciki, kada a yi rowarsa, shi ne abin da za a riƙa tunawa.

Larabanga kuma ba wurin kwana kaɗai ba ce. Masallacinta yana cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma, mutanen garin suna kai tarihinsa 1421. Ƙarami ne ƙwarai, ginin ƙasa da aka shafe da farar ƙasa, itatuwa sun fito daga jikinsa irin na masallatan Mali, da hasumiya biyu masu tsini, ɗaya ta mihrabi ɗaya ta ladan. Ƙofofinsa gajeru ne, sai an sunkuya. A jikinsa akwai tsohuwar kuka inda aka ce an binne Ayuba, bafataken da ake danganta ginin da shi. A shekarun 1970 an yi masa yaɓen siminti da nufin gyara, simintin ya riƙe danshi, gara ta shiga itatuwan, ginin ya fara lalacewa. Bayan da wata hukumar duniya mai kula da tsofaffin gine-gine ta sa shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2002, aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa irin na da. Wanda ba Musulmi ba daga waje yake tsayawa, mu kuwa sai mu nemi izini wurin masu kula da shi. Da mota ta tsaya samari za su kewaye ta kowa yana cewa shi ne jagora. Shugaban tafiya shi kaɗai ya yi magana, a biya abin da aka tsara a wuri ɗaya, sadaka kuma a ba wanda aka ga dama. A bakin gari akwai dutsen nan da ake cewa duk lokacin da masu aikin hanya suka kawar da shi sai a wayi gari ya dawo, har aka karkatar da hanyar. Labarin mutanen gari ne, a ji a wuce. Wanda ke da sauran lokaci ya je ƙauyen Mognori a gefen gandun, a shiga kwalekwale a kogin Mole, a ga yadda mata ke kaɗa man kaɗanya.

Kakum shi ma yana da maƙwabta masu nauyi, kuma a gaskiya su ne suke cika tafiyar, domin gadar da hawan tudun duka ba su wuce awa biyu ba. A kan hanya akwai Assin Manso, inda ake tsayar da bayin da aka koro daga arewa, da yawansu ta kasuwar Salaga, a yi musu wankan ƙarshe a rafi kafin a kai su gaɓar teku. Akwai gidan bayi na Cape Coast, wanda Obama ya ziyarta a 2009, da na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda Ingilishi suka tsare Asantehene, wato sarkin Asante, Prempeh na ɗaya a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar. Yaron da ya tashi a Kumasi, ya ji sunan Salaga a bakin kakarsa, ya kamata ya shiga ɗakunan nan na ƙarƙashin ƙasa ko sau ɗaya. Ga malamin makarantar da ke son ɗalibai su dawo da abin rubutawa, tafiyar kudu ta fi yawan darasi cikin ɗan lokaci.

Lokacin shekara kuma yana iya yanke gardamar shi kaɗai. Mole na rani ne, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ƙananan ruwaye suka ƙafe, dabbobi suka dawo tafkunan da ke ƙasan tsauni, ciyawa kuma ta kwanta. Disamba da Janairu akwai sanyin hunturu da safe, a zo da rigar sanyi. Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, amma a lokacin ne giwa ba ta da zaɓi sai ta zo ruwa. A 2025 da 2026 Ƙaramar Sallah cikin Maris take, wato a tsakiyar lokacin giwa. Babbar Sallah kuwa a waɗannan shekaru biyu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni take, ruwa ya fara sauka a arewa, daji ya yi kore, dabbobi sun fara watsuwa tunda ko'ina akwai abin sha. Ana ganin su, amma ba tabbas. Kakum a wannan lokacin yana tsakiyar babbar damina, matakala da katako suna santsi, ruwa yana iya saukowa kana tsakiyar gada. Duk da haka kurmi bai damu da wata ba kamar yadda Mole ya damu, gadar tana nan ko yaushe ka je.

Ta fuskar kuɗi ba sai an yi dogon lissafi ba, Mole ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ba kuɗin ƙofa ne ke kawo hakan ba: man mota ninki biyu ne, direba da motarsa kwana uku za a riƙe su, ga kwana biyu na masauki, ga abinci, ga kuɗin jagora da na motar shiga daji. A duka wuraren ɗan ƙasa yana biyan ƙasa da baƙo, ɗalibi da yaro ƙasa da babba, saboda haka kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, wato Ghana Card, makaranta kuma ta zo da takardarta. Ɗan'uwan da ya zo ziyara daga Kano ko Yamai farashin baƙo zai biya, a sa wannan cikin lissafi tun farko don kada a tsaya ja-in-ja a ƙofa. A riƙe tsabar sidi, kada a dogara ga momo, wato kuɗin waya, kaɗai a cikin daji.

Yin sallah a hanya ba matsala ba ne, tafiyoyin biyu duk sun wuce nisan ƙasaru. Abin lura shi ne fitar 3:30 a Mole takan kai kusan faɗuwar rana, don haka a yi la'asar kafin a gangara. Buta da tabarma su zauna a mota. Garin rogo, yajin shito, burodi da ruwan leda da aka saya a Techiman ko Damongo suna rage kashe kuɗi sosai, sai dai a bar su a rufe saboda gwaggon birin da aka ambata ɗazu.

To wa zai je ina? Kulob ɗin samarin da ke da yini ɗaya ko biyu da kuɗi kaɗan, Kakum, amma su kwana a Cape Coast su hau gada da farar safiya, su ba Elmina sauran yinin. Makarantar da ɗalibanta suka kai shekara goma zuwa sama, ita ma kudu. Iyali mai tsofaffi da ƙananan yara, ko duk wanda burinsa ya ga dabba da idonsa, Mole, da sharaɗin kwana uku da rani. Idan kwana biyu kawai ake da su, kada a matsa, a ɗaga zuwa wata shekarar a ƙara tara kuɗi. Wanda kuma duka biyun suka fi ƙarfinsa bana, ga Bobiri nan a Kubease kan hanyar Accra, kurmi ne mai malam-buɗe-littafi, ga tafkin Bosomtwe, duka ana zuwa a dawo kafin magariba.

Ƙungiyar da ta tsayar da Mole don bayan Ƙaramar Sallah ta kama ɗakuna tun azumi bai raba tsakiya ba. Masaukan cikin gandun ba su da yawa, kuma lokacin ne baƙi daga waje su ma suke cika wurin. A kira a tabbatar da farashin ranar da adadin gadaje, a kuma tambayi direban da za a ɗauka ko ya taɓa bin hanyar Damongo, domin ba kowane mai motar Kumasi ne ya san inda ake karyawa a Fufulso ba.